Babi na Shida: Jinin da Ba na Tsargiya Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, daga Ruma zuwa Wagini, daga Runka zuwa Zakka, ya san tsargiya tun bai kai izu ɗaya a allo ba. Yaro zai yini yana iyo a kududdufi da damina, ko yana lalube a gulbi yana neman tarwaɗa, bayan 'yan watanni sai ya ga ɗigon ƙarshe na fitsarinsa ya yi ja. Ba ya kai ƙara gida. Abokansa zai nuna wa, su kwashe da dariya, don kowa nasa haka yake. Akwai ma lokacin da wasu gidaje ke ɗaukar abin alamar yaro ya doshi balaga. In ya girma ya rage shiga ruwa, jinin ya ja baya ko ya ɗauke gaba ɗaya, sai a manta.

Wannan sabo da jan fitsari yana da tsada, kuma dattijon da yaron zai zama shi ke biya. Magidanci mai shekara 50 da ɗoriya zai tsuguna da asuba ya ga jini, ba zafi, ba zazzaɓi, ba ciwon mara. Kwana biyu ya ɗauke. Bayan wata uku ya dawo, wannan karon har da guda-guda. Sai ya ce wa kansa tsohuwar tsargiya ce ta motsa, ko kuwa sanyi ne ya kama shi, ya aiki yaro kemis a haɗo masa kafso, ko ya jiƙa sassaƙe. Su kuwa likitocin mafitsara, daga Sakkwato har Landan, ƙa'idarsu ɗaya ce: babban mutum da ya ga jini a fitsari ba tare da zafi ba, sankara ake zargi har sai bincike ya wanke shi. Rashin zafin nan da ke kwantar wa mai abin hankali, shi ne yake tayar da na likita.

Mafitsarar da nake magana a kai ita ce jakar da fitsari ke taruwa a cikinta a ƙasan mara. Me ya sa ita, cikin duk kayan ciki, take shan wuyar gubar da mutum ya shaƙa, ko ya sha, ko ta ratsa fatarsa? Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Duk dattin da aka tsamo daga waccan lita 180, a cikin wannan ɗan ruwa yake. Daga ƙoda kuma fitsari wucewa kawai yake yi ta wasu siraran bututu biyu. A mafitsara yake yada zango, ya yi awa uku, awa huɗu, da dare ma bakwai ko takwas. Wanda ya taɓa leƙa karofin marina ya ga yadda bangon ramin ya rine har ba ya wankuwa, ba don wani ya yi niyyar rina shi ba, sai don a nan ruwan baba yake kwana. Bangon mafitsara ma haka abin yake gare shi.

Akwai kuma wani abin mamaki a aikin hanta. Idan wasu sinadarai suka shiga jini, hanta tana sauya musu kama, sannan ta ɗaure su da wani abu mai kama da sukari domin su narke a ruwa su fita salin-alin. A ɗaure suke ratsa jini, a ɗaure suke ratsa ƙoda. Sai sun isa mafitsara, in fitsarin yana da tsami kuma ya daɗe a zaune, ɗaurin ya kwance, gubar ta fito tsirara ta manne wa ƙwayoyin gadon da ke cikin tantanin bango. Kowace mannewa ɗan kuskure ne a rubutun halitta. Jiki yana gyara mafi yawa, ba ya gyara duka. Shekara 20, 30, har 40 kurakuran ke taruwa kafin wani tantani guda ya ƙi bin doka ya fara hayayyafa ba tsayawa. Yanzu a tuna da manomin yammacin Katsina a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yana sharar gona da 'yar gorar ruwa ɗaya. Ruwan jikinsa ta gumi yake fita, fitsarinsa kaɗan ne, ja-ja, mai kauri, sau biyu ko uku a yini.

Ba a gona aka fara gano wannan ba, a masana'antar rini aka gano. A 1895 wani likitan fiɗa na birnin Farankfot a Jamus, Ludwig Rehn, ya tashi a taron likitoci ya ba da labarin ma'aikata uku da ya samu da ƙari a mafitsara, dukansu daga cikin mutum 45 da ke haɗa wata jar galura a kamfanin Hoechst. Uku cikin 45 ba ƙaramin abu ba ne ga cutar da likita kan daɗe bai gani ba. Rehn ya ɗora laifin a kan sinadarin anilin, kuma a nan ya ɗan kauce, domin daga baya an gane wasu 'yan uwan anilin ne masu laifin, musamman benzidin da naftilamin. A 1938 Wilhelm Hueper, wanda ya yi aiki da kamfanin DuPont a Amurka, ya wallafa sakamakon ciyar da karnuka naftilamin: sun yi ƙari a mafitsara kamar ma'aikatan. Kafin takardar ta fito kamfanin ya riga ya sallame shi. A 1954 Robert Case ya bi diddigin dubban ma'aikatan masana'antun sinadarai a Ingila ya tabbatar da zancen da lissafi. A wata masana'anta, mutum 15 ne ke aikin tace naftilamin, kuma duka 15 ɗin sun kamu. Duk da haka sai a 1967 Ingila ta kafa dokar hana waɗannan sinadarai. Daga jawabin Rehn zuwa dokar, shekara 72 ke nan.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Batsari da masana'antar Jamus? Ruwansa ci-rani. Da an gama girbi samarin yankin ke watsuwa Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal, kuma aikin da ke jiran baƙo shi ne wanda ɗan gari ya ƙi: jima da rinin fata a Sharaɗa da Chalawa na Kano, fentin mota da na gini, wankin inji da hannu cikin baƙin mai, babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya a mahauta. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa sana'ar fenti da aikin masana'antar roba a jerin ayyukan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Galurar kasuwa kuwa, wadda ta kori baba daga marina da yawa, ba dukanta ke da illa ba, amma akwai jinsin da jiki ke farfasawa ya koma benzidin, kuma ƙullin da ake sayarwa a leda ba ya zuwa da takardar abin da ke ciki. Saurayi zai yi rani goma yana wannan aiki, ya dawo gida ya yi aure ya zama manomi. Ranar da jini ya bayyana, shi kansa ya manta ya taɓa riƙe burushin fenti.

Sai taba sigari, wadda ba na son in daɗe a kanta don ba ta buƙatar dogon bayani. Hayaƙinta na ɗauke da naftilamin ɗin nan da wani ɗan uwansa. A ƙasashen Turai da Amurka kusan rabin masu sankarar mafitsara sigari ce sila, kuma mai sha ya ninka wanda ba ya sha haɗari kamar sau uku. A duk gubar da za mu ambata a babin nan babu wadda hujjarta ta kai ta sigari ƙarfi, babu kuma wadda ake saye da kuɗin aljihu kara-kara kamar ita.

Inda zance ya fi shafar Batsari da Safana shi ne feshi. Wanda ya san noman yankin shekara 30 da suka wuce ya san hauya da fartanya, noman fari da maimai, gayya da ƙwadago. Yau kafin damina ta sauka teburan masu maganin ciyawa sun cika kasuwa, kuma kusan kowane gida akwai famfon feshi na goyo. Kuɗin ƙwadago ne ya fara kawo wannan sauyi, matsalar tsaro ta zo ta ƙarasa shi. Tun da 'yan bindiga suka yi sansani a Dajin Rugu, gona ta zama wurin da ba a son daɗewa. Mutanen Batsari ba su manta da watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, ba su kuma manta da Satumban 2021 ba, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. An kore shanun huɗa. Samarin da za su yi ƙwadago sun yi gudun hijira ko sun tafi birni. Noman hannu yana nufin kwana da kwanaki mutum na duƙe, kansa a ƙasa, bayansa ga daji. Feshi kuwa hantsi ɗaya ne. Ban ga laifin manomin da ya zaɓi hantsi ɗaya ba, kuma duk mai wa'azin a koma wa fartanya daga ofis mai sanyi, ya fara zuwa ya yi maimai a bakin Rugu tukuna.

Amma a dubi yadda ake feshin. Singileti, gajeren wando, silifas ko ƙafa ba takalmi. Da murfin kwalba ake awo, sau da yawa a ƙara rabin murfi don ya fi ci, a haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya. In bakin famfon ya toshe, a sa baki a hure. Tankin yana yoyo ta murfi, ruwan na bin gadon baya yana gangarawa cikin wando, kuma fatar matsematsi da ta al'aura ta ninka ta hannu tsotse magani sau da yawa. Ana gamawa a ɗauraye tankin a bakin kududdufin da dabbobi ke sha, yara ke wanka. Kwalbar da ta ƙare ba a yar da ita, don roba ce mai ƙwari: ta koma gorar ruwa, ko ta man gyaɗa, ko buta.

To me aka tabbatar game da magungunan feshi da mafitsara? A nan dole a yi adalci, don masu son tsoratarwa kan zarce hujja. Akwai maganin ƙwari guda, kulodimefom, wanda aka yi amfani da shi a gonakin auduga da kashe kaska. A 1975 ma'aikatan da ke zuba shi a buhu a wata masana'anta a jihar Tenesi ta Amurka suka kama fitsarin jini da raɗaɗi cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma aka samu sankarar mafitsara a ma'aikatan da suka haɗa shi a Jamus. An janye shi daga kasuwa kafin 1990. A 1993 Amurka ta fara bin lafiyar manoma masu feshi fiye da 50,000 a jihohin Ayowa da Karolina ta Arewa, kuma rahotannin wannan bincike sun nuna ƙarin sankarar mafitsara ga masu yawan amfani da wasu magungunan ciyawa, irin su imazetafir da imazakwin, waɗanda a ƙirarsu dangin sinadaran rinin nan ne. A Masar ma an samu ƙarin haɗari ga ma'aikatan gona maza da suka daɗe suna feshi. Gilaifoset kuwa, wanda ke cikin Roundup da Force Up, IARC ta ce a 2015 mai yiwuwa ne yana jawo sankara, amma ta ƙwayoyin garkuwar jiki take nufi, ba ta mafitsara ba, kuma hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su yarda da ita ba. Farakwat, wani maganin ciyawan, huhu ya fi lalatawa, da ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024, atarazin kuma daga farkon 2025. Sanarwa dai a Abuja ake yi, tebur kuwa a kasuwar ƙauye yake.

Manomin Ayowa da aka samu wannan ƙarin haɗari a jikinsa yana da lasisin feshi, yana da safar hannu, sau da yawa a cikin rufaffiyar tarakta yake zaune. Ni a ganina duk adadin da aka samo daga can, ƙasa yake da abin da ke shiga jikin mai singileti.

Ba sankara kaɗai ce matsalar mafitsara ba, ita ce dai mafi muni. Tsokar da ke matse mafitsara ta fitar da fitsari da umarnin jijiya take aiki, ta hanyar wani sinadari da jiki ke fitarwa ya kuma share nan take. Magungunan ƙwari irin su fiya-fiya da Sniper, wato dikulobos da danginsa, aikinsu shi ne hana wannan sharewa. Da haka suke kashe ƙwaro, da haka kuma suke taɓa mutum. Shi ya sa wanda ya shaƙa da yawa za a ga yawu na dalala, gumi na tsatsafowa, ido ya ƙanƙance, ciki na murɗa, fitsari na zuba ba da saninsa ba. Wannan asibiti ake kai shi da gudu a yi masa allurar atirofin, ba madara ko manja ake ɗura masa ba. Kuma dikulobos ɗin nan ne ake yayyafa wa wake a buhu don gudun ƙwari, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda shi. Waken da Turai ta ƙi, mu muka ci.

Game da yawan fitsari, da fitsarin da ke zuwa a guje ba ya jira, da tashi sau uku sau huɗu cikin dare, akwai binciken da hukumar CDC ta Amurka ke yi a kai a kai tun 1999, inda ake auna jini da fitsarin dubban mutane a yi musu tambayoyi. Masu nazarin waɗannan alƙaluma sun ga cewa waɗanda jikinsu ya fi ɗauke da kadmiyam, ko dalma, ko sinadaran da ake sa wa roba don ta yi laushi, sun fi kawo irin wannan kuka. Sai dai awo ne na rana ɗaya, ba ya nuna wanne ya riga wanne. Alama ce da ta isa a bi sawunta, ba hukunci ba. Dattijon da fitsari ke wahalar da shi, abin da za a fara dubawa shi ne kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai ciwon sukari, sai ƙwayoyin cuta.

Ruwan sha ma yana da nasa labarin, kuma wanda ya fi kowanne koyarwa daga hamadar arewacin Chile ya fito. A 1958 birnin Antofagasta ya janyo ruwan famfo daga wasu koguna na kan duwatsu, ba a san suna ɗauke da asenik ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ta ce kada asenik ya wuce maikirogiram 10 a lita. Nasu ya haura 800. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Sun sha har 1970, sannan aka gina matatar da ta rage gubar. Sai kowa ya ɗauka magana ta ƙare, ashe lokacin ta fara: mace-macen sankarar mafitsara da ta huhu suka yi ta hawa shekaru bayan gyaran, kuma kusan shekara 40 da tsabtace ruwan, waɗanda suka sha shi suna ninka sauran mutane kamuwa. Bangaladash ma ta faɗa irin wannan rami da rijiyoyin burtsatse da aka haƙa da kyakkyawar niyya don raba mutane da ruwan kududdufi.

Dalilin kawo wannan shi ne zinare. Duwatsun da suka ratso Zamfara zuwa yammacin Katsina tsofaffin duwatsu ne masu ma'adinai, kuma a duniya an san dutsen zinare kan zo tare da asenik da dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da ke kashe yara a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum: ana kawo dutse cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar dalma ta bi tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci da ƙodar babba, ba mafitsara ce abin harinta ba. Amma duniya ta ji labarin Zamfara ne don yara sun mutu cikin makonni. Gubar da ke jira shekara 30 ba ta tara 'yan jarida. Samarin Batsari da Safana da yawa sun yi zaman ramin zinare, sun daka dutse, sun wanke gari da zaiba, kuma duk inda aka wanke garin dutse, ruwan ƙasa yake komawa.

Yanzu mu dawo kan tsargiya, domin a nan zaruruwan ke haɗuwa. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Daga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwa mai kwanciya take fitowa, ta huda fatar mai wanka, ta girma ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ƙaya a gindi. Wasu su huda bango su fita da fitsari, shi ne jinin da yaro ke gani. Wasu su maƙale a bangon, jiki ya kewaye su da tabo, har su daskare su zama kamar alli. A 1911 wani likita a Alƙahira, Ferguson, ya danganta wannan da yawan sankarar mafitsara a Masar, kuma a 1994 IARC ta sa tsutsar a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin da Marian Hicks da abokan aikinta suka wallafa a Landan a 1980. Sun raba birai gida-gida: wasu aka sa musu tsargiya kaɗai, wasu aka ba su ɗan ƙanƙanin sinadarin naitirosamin kaɗai, wasu aka haɗa musu biyun. A cikin waɗanda aka haɗa wa ne ƙari ya fito. Gubar da lafiyayyar mafitsara ta shanye ba ta nuna komai ba, ita ce ta kayar da mai rauni. Kuma naitirosamin ba sai an kawo shi daga masana'anta ba. Mafitsarar da tsargiya ta lalata ba ta juye fitsari duka, ƙwayoyin cuta na samun wurin zama, su kuma suna iya juya naitiret da ke cikin fitsari su haɗa gubar a nan cikin jakar. An auna ta a fitsarin masu tsargiya a Masar. Naitiret kuwa yana ƙaruwa a rijiyar da ke kusa da masai, ko turken dabbobi, ko fadamar da ake zuba wa takin zamani rani da damina. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 50 a lita.

Tsargiyar Katsina ba ɓoyayyen abu ba ce ga masana. Tun shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi shekaru a Malumfashi suna auna fitsarin mutane, har suka bi yadda dam ɗin Ruwan Sanyi ya shafi yaɗuwar cutar. A 2016 malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka wallafa binciken ɗaliban ƙananan sakandare a Safana da Dutsin-Ma, yankin da ke kewaye da dam ɗin Zobe, suka samu fiye da ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙwan tsutsar, maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Waɗannan 'yan makaranta ke nan, ba a zancen yaron da ke kiwo ko ban-ruwa a lambu. A ɗaya ƙarshen kuma, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ciki har da Farfesa Isma'ila Mungadi, sun nuna tun 2007 cewa mafi yawan sankarar mafitsara da suke gani irin wadda ke bin tsargiya ce. Irin wannan tana kama mutum da wuri, a shekara 40 zuwa 50, lokacin da ƙarfin gida ke wuyansa, alhali a Turai cutar 'yan 70 ce.

Masar ta riga mu bin wannan hanya. A cibiyar sankara ta Alƙahira, irin mai bin tsargiya ta kai kashi 78 cikin 100 a 1980. Bayan an yi shekaru ana rabon magani, zuwa 2005 ta sauko kashi 27. Sai dai sankarar mafitsara ba ta bar Masar ba, kama ta sauya, ta koma irin ta sigari da sinadarai. Yammacin Katsina kuwa bai gama da ta farko ba ta biyu ta iso, kuma mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka: yaron kududdufin 1990 shi ne mai famfon feshin yau. Maganin tsargiya, firazikwantel, kyauta ake raba shi, amma galibi a makarantu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara, ta ce duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa daga ɗan shekara biyu har manya, sau ɗaya a shekara. Maganin ba ya goge tsohon tabo, amma yana hana sabo, kuma magidancin da ke tsaye cikin ruwan fadama kullum yana ta sake kamuwa ne bai sani ba.

Mata fa? Wanda ya fito Katsina ya kama hanyar Batsari zai wuce Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984, asibitin da yanzu ya zama cibiyar ƙasa. Yoyon fitsari doguwar naƙuda ke kawo shi, ba guba ba, kuma albarkacin wannan asibiti mutanen yankin sun san ana warkewa. Amma macen da ta wuce haihuwa ta ga jini, sai a ce al'ada ce ta yi gardama, ko sanyi ne. Ko a ƙasashen da asibiti ke ko'ina, mata sun fi maza makara wajen gano sankarar mafitsara saboda wannan. Ita ce kuwa ke wanke kayan feshin maigida da hannu, ita ke buɗe buhun waken da aka sa wa magani, ita ke hura wuta da leda da tsohon silifas in itace ya jiƙe.

A ɗakin duba marasa lafiya na karkara hirar ba ta wuce haka:

"Baba, tun yaushe ake ganin jinin?"

"Tun kakar bara, ɗana. Yakan zo ya ɗauke."

"Da zafi?"

"Ko kaɗan. Shi ya sa ban tada hankalin yara ba. Ni dai salla ce damuwata, alwala ba ta tsayawa."

Amsar ƙarshen nan ita ce gaskiyar abin da ke kawo da yawansu. Mutum ya jure jini shekara guda, amma ranar da ɗigo ya fara ɓata masa wando a sahu, har ya koma bayan masallaci ko ya daina zuwa jam'i, ranar zai nemi mota. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi rangwame ga mai ɗigon da ya lazimce shi, kuma ya kamata limamai su riƙa faɗa, su haɗa da cewa a je asibiti. Shi kuma ma'aikacin lafiya, tambayoyin da suka rage masa ba sa cin ko sisi: wace sana'a aka yi a ci-rani, shekara nawa ana feshi, ana shan taba, daga wace rijiya ake sha, an taɓa zaman ramin zinare? Ko ya ga ƙwan tsargiya a madubin awo, ga mai shekara 45 wannan bai rufe magana ba, sai an yi hoton mara, an kuma leƙa cikin mafitsara da siririn madubi.

Wannan leƙawa sai manyan asibitoci: Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, na Aminu Kano, na Shika, na Sakkwato. In an tari ƙarin yana saman bango, ta hanyar fitsari ake shiga a kankare shi, ba a tsaga ciki ba, mutum ya koma gida da mafitsararsa. In ya ci tsoka, sai dai a cire jakar gaba ɗaya a sauya wa fitsari hanya, in kuma ya wuce nan sai rage raɗaɗi. Wanda aka kankare wa ma bai gama ba, domin ciwo ne mai yawan dawowa, ana so a sake leƙawa bayan wata uku, sannan a ci gaba a kai a kai har shekaru. Ga mutumin Wagini ko Runka, kowace komawa kuɗin mota ne na mutum biyu, da kuɗin aiki, da kwana a Katsina, da tambayar direbobi a tasha ko hanya ta yi kyau yau.